Yadda Injiniya Ya Sanyaya Katin Yaya

Ga ta nan ta ƙaraso gare ku. Ku matso ku gyara zama, don labarin Injiniya ba a jin sa a tsaye.

A wata unguwa an yi wani saurayi da ake kira Injiniya. Bai taɓa leƙa makarantar injiniyoyi ba ko da neman inuwa. Sunan ya samo asali ne ranar da ya gyara wa maƙwabcinsu Kawu Tela rediyo. Ya kwance ta, ya mayar, kusoshi suka yi saura cike da tafin hannu, rediyon kuma ta daina magana gaba ɗaya. Da Kawu ya yi ƙorafi, sai ya ce ai dama yawan surutunta ne ke cinye batir. Daga ranar 'yan unguwa suka laƙa masa Injiniya, shi kuwa ya karɓa hannu bibbiyu, har in ka kira shi da sunansa na gaskiya ba ya waigowa.

A gidan yayarsa yake zaune, a ɗakin ƙofar gida, mai tagogi biyu da ke kallon titi. Babu abin da yake ƙauna a duniya kamar ɗakin nan, don daga ciki yake hango duk mai wucewa ya ba shi shawarar da bai nema ba. Ita kuwa Yaya sana'arta zanen gidaje a kwamfuta. Kafin a aza tubali ko ɗaya, za ta nuna wa mai gini gidansa a allo, ya shiga falo ya fita, har inuwar bishiyar tsakar gida ya gani. Abin da ke yi mata wannan aiki wani ƙarfe ne a cikin kwamfutar, mai tsawon kamu guda da fankoki uku a jikinsa, ana ce masa katin hoto. Shi ke zana duk abin da ido ke gani a allo. Nata na manya ne, irin wanda 'yan wasan kwamfuta ke mafarki da shi, kuma da shi take ci da gidan.

Da yake ta san halin ƙaninta, doka ɗaya ta kafa masa.

"Ka ci abincina, ka sha ruwana, ka cika min gida da surutu, duk na yafe. Amma ranar da hannunka ya taɓa kwamfutar nan, ranar za ka kwashe kayanka daga ɗakin ƙofar gida."

"Haba Yaya, ni da na san cikinta fiye da wanda ya ƙera ta?"

"Shi ya sa," in ji Yaya.

A bakin titi akwai ɗakin wasan kwamfuta na wani mutum da ake kira Dogo, inda samari ke taruwa. Suna da wata manhaja ta gwajin ƙarfi. In aka kunna ta, sai ta sa katin ya zana wani jarumi yana gudu cikin daji, ga wuta ga hayaƙi, in ta gama ta ba da maki. Masu wayo sukan ƙara wa katinsu gudu fiye da yadda aka ƙera shi, amma kaɗan-kaɗan, suna ƙarawa suna gwadawa suna duba zafinsa, don in aka matsa masa da yawa sai ya ruɗe, ko ma ya ƙone. Kwamfutar Dogo ce ke kan gaba a unguwar, makinta ya haura dubu ashirin.

Wata rana Injiniya ya shiga ana tafa wa Dogo, ya taɓe baki.

"Wannan ne makin da aka tara mutane a kansa?"

"Shi ne, Injiniya. Kana da wanda ya fi shi?"

"Katin da ke gidanmu, in na sa masa hannu, sai allon nan naka ya rasa inda zai rubuta lambobin."

"Katin Yaya?"

"Katinmu."

"Wanda aka ce ko ƙurarsa ba a yarda ka goge ba?"

Samari suka kwashe da dariya. Injiniya ya ɗaga hannu.

"Goge ƙura ai aikin koyo ne. Ni can cikin ciki nake shiga."

"To ga Asabar nan tafe," in ji Dogo. "Ka kawo shi. In ka wuce ni, kujerar nan mai juyawa da nake kai, ka ɗora a ka ka tafi da ita."

"Ka fara yi mata bankwana."

Aka yi dace, ko kuwa rashin dace, washegari Yaya ta tafi wani gari duba ginin da ta zana, ta ce sai wani mako za ta dawo. Ƙarar motarta ba ta gama ɓacewa ba Injiniya ya shiga ɗakin aikinta, ya zare wayoyi, ya rungumo kwamfutar yana nishi ya kai ɗakinsa.

To, a bayan kwamfuta irin wannan akwai ramuka biyu da wayar allo ke iya shiga. Na ƙasa a jikin katin yake, nan Yaya ke soka wayarta. Na sama kuwa na wani ɗan ƙaramin mai zane ne da kwamfutar ke zuwa da shi tun asali, wanda ƙarfinsa bai wuce rubutu da kallon hotunan jarirai ba. In aka soka waya a sama, babban kati sai ya miƙe ƙafa ya yi barcinsa, ƙaramin ya yi ta fama shi kaɗai. Injiniya ya dubi ramukan biyu, ya ce a ransa babba ai a sama yake zama. Ya soka a na sama.

Ya kunna gwaji. Jarumin nan da ke gudu kamar barewa a ɗakin Dogo, a nan sai ya ɗaga ƙafa ya tsaya tunani, ya sauke, ya sake tsayawa. Da kyar ya fita daga dajin. Maki ya fito dubu biyu da 'yan kai.

"Bai san ni ba ne tukuna," in ji Injiniya.

Ya buɗe manhajar ƙara gudu, mai 'yan sanduna da ake ja zuwa dama, ɗaya ta gudun katin, ɗaya ta ƙwaƙwalwarsa, ɗaya ta yawan wutar da zai sha. Ya ja kowacce. Ya sake gwaji, maki bai motsa ba. Ya ƙara ja, maki na nan daram. Ya kwance murfin gefe ya taɓa katin, ya ji shi sanyi kamar randa, fankokinsa uku ko motsi ba sa yi. Ya gyaɗa kai irin na likitan da ya gano cuta.

"Zazzaɓin ciki ne. Shi ne mafi muni, wanda ba ya fitowa a goshi. Dubi yadda ya kwantar da fankokin."

Sai ya nufi shagon Kawu Tela, inda wata ƙatuwar fanka ta tsaye ke aiki.

"Kawu, aron fankarka na zo, na ɗan lokaci."

Kawu bai ɗago daga keken ɗinki ba. "Rediyona har yau ba ta ce uffan ba."

"Ai ba gyara zan yi ba, Kawu. Hura kawai za ta yi."

"Hura me?"

"Kimiyya."

Kawu ya ce bai yarda fankarsa ta shiga ɗakin Injiniya ba muharrami ba, don haka ya rufe shago ya biyo ta. Aka girke ta a gaban buɗaɗɗiyar kwamfutar, Injiniya ya murɗa ta har ƙarshe. Ita kuwa fankar ta shekara da shekaru a shagon ɗinki, ragarta cike take da zare da burbushin yadi. Nan take ta amayar da su gaba ɗaya cikin kwamfutar, ja da kore da ruwan ɗorawa, har katin ya koma kamar an yi masa ado. Injiniya ya durƙusa da allurar Kawu yana tsince zare ɗaya bayan ɗaya, yana atishawa.

Da aka gama aka kunna gwaji. Kawu ya gyara tabarau ya kalli allo na wani lokaci.

"Ɗana, wannan bawan Allah ciwon gwiwa gare shi?"

"Ɗumama jiki yake yi, Kawu."

"A bar shi ya zauna mana. Ni da tsufana sai in riga shi fita dajin nan."

Maki ya fito yadda yake. Injiniya ya ce iskar ce ba ta da inganci, iskar gari ce, kowa ya shaƙa ya bari. Ya fita ya dawo da manyan ƙanƙara a buhu, ya juye a babban bahon wankin Yaya, ya ajiye tsakanin fanka da kwamfuta, ya ƙara jan sandunan. Ya manta bahon yana da tsaga a gindi. Suna cikin kallon jarumi yana jan ƙafa, Kawu ya ji takalminsa ya jiƙe. Ruwa ya malale ɗakin, ya doshi inda wayoyin wuta suke a ƙasa.

"Injiniya, wuta!"

Injiniya ya yi tsalle ya cafe wayoyin ya ɗaga sama, ƙafarsa ta taka wani gutsuren ƙanƙara, ya tafi da baya ya zauna daɓas cikin baho. Ihun da ya yi sai da masu wucewa suka leƙo ta tagogin biyu.

"To, kai dai ka sanyaya," in ji Kawu. Ya zare fankarsa ya saɓa a kafaɗa. "Saura shi."

Da wani ne, da ya haƙura a nan. Injiniya kuwa ya canja wando ya zauna tunani, har tunanin ya kai shi shagon Gwaggo Mai Kifi da ke ƙarshen layi, mai ƙatuwar firiza da mutum zai iya kwanciya a ciki. Ya ji an ce za ta asibiti dubiya.

"Gwaggo, ki bar min shagon in tsare miki har ki dawo."

Gwaggo ta dube shi sama da ƙasa. "Kai? Da ko bokiti ba ka taɓa kama min ba?"

"Mutum ai yana shiryuwa, Gwaggo."

"Allah ya sa. Kar ka buɗe firiza sai mai saye ya zo. Kar kuma ka gyara min komai. Ka ji ni? Komai."

Tana shan kwana ya ruga ya ɗauko kwamfutar a baro. Ya kwashe kifin nan kaf ya zuba a bokitai da kwanuka a ƙasa, ya zaunar da kwamfutar a cikin firiza, ya fito da wayoyi ta bakin murfi, ya ɗora allo a kan kwali. Wayar allon kuwa ya mayar da ita ramin sama, inda ya saba.

Wata mata ta zo sayen kifi, ta tsaya turus.

"Malam, me ya fito da kifi ƙasa?"

"Zaɓi a nan, Hajiya. Firiza na kan aiki."

"Wane aiki firizar kifi take da shi da ya wuce kifi?"

"Ba za ki gane ba."

"Na gane dai wannan ya fara laushi," ta ce, ta juya ta tafi.

Kyanwa ɗaya ce ta fara zuwa, ta zauna a bakin ƙofa cikin ladabi. Sai ta je ta sanar da danginta. Kafin jarumin ya kai tsakiyar daji, Injiniya na riƙe da tsintsiya yana kora ta gabas suna shigowa ta yamma. Ya kori wata daga bokiti, ya waiga ya ga biyu a kwano. Ya dawo yana haki ya duba allo, maki dubu biyu da 'yan kai, ko ɗigo bai ƙaru ba.

Gwaggo na dawowa ta yi kiciɓis da wata baƙar kyanwa tana tsallaka titi da kifi a baki. Ta tsaya ta bi ta da kallo.

"Wannan kifin kamar na san shi."

Ta ƙara sauri. Ta tarar da shagonta ruwan kifi ya kwanta a ƙasa, ƙudaje sun buɗe kasuwa, wayoyi na fitowa daga firiza.

"Ɗan nan, mene ne a cikin firizata?"

"Baƙo ne, Gwaggo. Yanzu zai fita."

Ta ɗaga murfi ta leƙa. Ta rufe. Ta sake ɗagawa ko idonta ne.

"Ka fitar da kifina, mai gida, ka sa talabijin?"

"Kwamfuta ce, Gwaggo."

"Ko jirgin sama ce! Tana da ƙaya? Ana soya ta? Yayarka ta san da wannan?"

"Tana da labari, amma a dunƙule."

"To ni zan ba ta a warware."

Injiniya ya zube yana roƙo, ya haɗa ta da Allah da Annabi, ya yi alkawarin wanke shagon har rufi. Gwaggo ba ta sake cewa komai ba, sai kifinta take mayarwa tana latsa kowanne tana girgiza kai. Ya ɗauka shirun nan yafiya ce. Bai ga lokacin da ta kwance bakin zani ta fito da wayarta ba.

Ya turo kwamfutar gida tana zufa kamar tulun ruwan sanyi, gindinta ya sha ruwan kifi. Da ya kunna ta a haka da labarin ya ƙare a nan, amma Allah ya taimaki Yaya aka ɗauke wuta, ba a dawo da ita ba sai washegari, har komai ya bushe. A zaman jiran nan ne ya gano bakin zaren, a cewarsa.

"Allon ne, Kawu," ya faɗa ta taga. "Allon gida ƙarami ne, ba ya iya ɗaukar makin duka, sai ya nuna ɗan abin da ya samu. A babban allon Dogo za ka ga ainihin lissafi."

"Shi ma ciwon gwiwar allon ne?"

"Har shi."

Da wuta ta dawo, ya ja sandunan nan uku har sai da kowacce ta daki bango, ya danna inda ke sa su hau aiki da zarar an kunna kwamfuta. Ya taɓa katin ya ji shi sanyi ƙalau, ya yi murmushi. Wa ya taɓa ƙure kati haka bai ko yi ɗumi ba?

Ranar Asabar ɗakin Dogo ya cika har waje, don labarin baho da na firiza sun riga shi isa. Injiniya ya turo kwamfutar a baro lulluɓe da bargo, Kawu Tela na biye, a bayan Kawu kuma kyanwoyi uku da ba wanda ya gayyata. Aka ɗora ta a tebur. Dogo ya ɗauko wayar babban allo ya zagaya baya, ya soka ta a ramin ƙasa, kamar yadda kowa ke yi.

"Kai, kai, Dogo!" in ji Injiniya da ƙarfi don kowa ya ji. "Mai ɗakin wasa guda bai san inda ake soka waya ba? A sama ake sawa."

Dogo ya ɗago a hankali. "A ina?"

"A sama. Nan nake sawa kullum."

"Kullum? Har a firiza?"

"Har a firiza."

Wani daga baya ya fashe da dariya, sauran suka ɗauka. Akwai wanda ya zame daga benci. Dogo ya dafa tebur yana share hawaye.

"Injiniya, ramin sama ba na katin ba ne. Tun da ka fara, katin nan barci yake. Ka yi masa fifita, ka kawo masa ƙanƙara, ka kwantar da shi a firiza, ko layi ɗaya bai zana maka ba!"

"Ashe hutu ya zo," in ji Kawu Tela.

Gumi ya karyo wa Injiniya, amma bakinsa bai mutu ba.

"Na sani mana. Da gangan na yi. Wa ke gajiyar da ɗan tsere kafin ranar tsere? Tara masa ƙarfi nake."

"To na ji," in ji Dogo. Ya kunna kwamfutar, ya ga sandunan a ƙure, ya rage murya. "Amma tsakani da Allah, mayar da sandunan nan baya kafin mu kunna gwaji. Ba a taɓa gwada shi a haka ba. Kayan Yaya ne."

Injiniya ya dubi sandunan, ya dubi samarin da suka zuba masa ido. In ya mayar da su, ya amsa ke nan cewa duk wahalar makon banza ce.

"Tsoro ya kama ka, Dogo? Kunna."

Aka kunna. Fankoki ukun nan suka farka lokaci guda da ƙara kamar injin niƙa. Jarumin ya zabura kamar an harbo shi daga baka, bishiyoyi na wucewa fuu, har samari suka yi shewa. Injiniya ya haye benci.

"Kun gani? Kun gani? Dogo, tashi daga kujerata!"

Bai rufe baki ba wasu korayen ɗigo suka fara tsirowa a allo. Bishiyoyi suka koma ruwan hoda. Hancin jarumin ya miƙe ya tafi har ƙarshen allon, ƙafarsa ɗaya ta fito ta saman kansa, sararin sama ya rabe gida-gida, baƙi da shunayya.

"Wannan yadin ina da irinsa a shago," in ji Kawu.

"Gudu ne ya yi yawa, launi ya kasa bin sa," in ji Injiniya daga kan benci. "Yanzu zai kamo shi."

Sai iska mai zafi ta fara fitowa daga kwamfutar, ɗauke da warin kifin da ya kwana biyu. Na gaba suka toshe hanci suka ja baya, na baya suka ture su don su gani, kyanwoyi suka haye tebur. Jarumin ya tsaya cak da dogon hancinsa. Allo ya yi fari, ya yi baƙi. Dogo ya yi wuf ya zare wayar wuta.

Sai aka ji murya daga bakin ƙofa.

"Sannu da aiki, Injiniya."

Yaya ce, jakar tafiya a kafaɗa, Gwaggo Mai Kifi a bayanta ta riƙe ƙugu. Samari suka dare suka ba ta hanya. Injiniya ya sauko daga benci a hankali.

"Yaya! Sannu da zuwa, ya hanya? Ai ba yau muka sa ran dawowarki ba."

"Na ga alama."

Ta ƙarasa gaban tebur, ta sunkuya, ta shinshina.

"Kifi?"

"Sanyi, Yaya."

Ta zaro wani jan zare daga jikin katin ta ɗaga shi sama.

"Nawa ne," in ji Kawu. "Amma ba da yawuna ya shiga ba."

"Har ina ka ja sandunan?" ta tambayi ƙaninta.

"Har inda suka tsaya da kansu."

"Tun yaushe yake aiki a haka?"

"Yanzun nan ne farko, Yaya," in ji Dogo. "Tun tafiyarki a ramin sama wayar take."

Yaya ta rufe ido ta sauke numfashi. "Alhamdu lillahi. Da ka san abin da kake yi ko da kaɗan, da tuni ka ƙona min shi."

Ta zauna ta jira katin ya huce. Sannan ta zare wayar allo ta soka a ramin sama, don katin ya yi kwanciyarsa ta samu shiga ta warware ɓarnar. Ta kunna, ta mayar da sandunan nan uku inda masu ƙera shi suka ajiye su.

Injiniya ya juya wajen samari. "Kun gani ko? Na ce muku ramin sama na da muhimmanci."

"Rufe min baki," in ji Yaya, ba ta ko waiga ba.

Ta mayar da waya ramin ƙasa, ta kunna gwaji. Jarumin ya fito da hancinsa daidai fuskarsa, bishiyoyi kore shar, yana gudu sumul ba tangarɗa. Ya tsallake wuta, ya keta hayaƙi, ya doshi bakin daji. Samari suka matso, Dogo ya riƙe hannun kujerarsa, don gudun nan ba na wasa ba ne. Saura ƙiris maki ya fito, Yaya ta miƙa yatsa ta kashe gwajin.

Ɗakin ya ɗauki "Haba Yaya!" gaba ɗaya.

"Yaya, don girman Allah, makin!" in ji Injiniya kamar zai yi kuka.

"Ni ba maki na zo gani ba. Numfashinsa na zo ji, na kuma ji. Ɗauki min kayana ka sa a baro. In ka shiga rami ɗaya a hanya, ka wuce kawai kar ka tsaya a gida."

Haka ya turo baron nan kamar mai ɗauke da ƙwai, Yaya a gaba, Gwaggo a gefe tana lissafa masa ranakun da zai wanke mata shago. Duk da haka, duk wanda suka gamu da shi sai ya rage murya ya ce masa, "Mun wuce Dogo, allon ne bai samu damar faɗa ba."

Suna isa gida Yaya ta miƙa masa hannu. Ya gane. Ya zaro makullin ɗakin ƙofar gida ya ɗora mata, yana kallon tagoginsa biyu kamar mai rabuwa da 'yan'uwa.

"Yaya, titi za ki jefa ni? Ɗan'uwanki, ciki ɗaya?"

"Ban ce titi ba. Biyo ni."

Ta kai shi can ƙuryar gida, bayan madafa, ɗakin da ake ajiye tsofaffin katifu da tukwanen da suka huje. Taga ɗaya gare shi, ƙarama, tana kallon katanga. Ya shigar da kayansa yana cewa ai dama ya daɗe yana son wuri shiru, masu zurfin tunani ba sa zama a bakin titi. Ya ɗauko cajar wayarsa ya duba bangon gabas, ya duba na yamma, ya janye katifu, ya leƙa bayan ƙofa. Sannan ya fito da gudu.

"Yaya! Ɗakin nan babu soket ko ɗaya!"

"Na sani," in ji Yaya daga ɗakin aikinta. "Sai da na zagaye gidan kaf kafin na samo shi."

Ƙurunƙus. A nan na sauke ta, kowa ya kama gabansa.